Ba Kowace Tafasa Ce Gasket Ba: Nasiha ga Makanikai da Masu Mota a Kudancin Kaduna

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojinmu, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga Barnawa zuwa Gonin Gora. Mutum zai kai motarsa a sauya masa tiyon ruwa ko fambel, ya biya kuɗinsa ya kama hanya. Kafin ya kai Mararrabar Rido allurar zafi ta hau ja, tururi ya turnuƙe bonet. A jawo motar a dawo da ita. Makaniken da ya taɓa ta jiya-jiyan nan ya leƙa, ya dafa tiyo da bayan hannu, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai tof gasket ne ya ƙone. Sai an sauke kan injin." Bai auna komai ba, bai gwada komai ba, bai ma tambayi kansa me hannunsa ya taɓa jiya ba. Hukuncin da zai cinye cefanen gida na wata guda an yanke shi a tsaye, cikin minti biyu.

A kan wannan nake son in yi mana nasiha, mu duka, mai gyara da mai kawo gyara. Abin da ya gudu daga sana'ar kanikanci a yau shi ne awo. Cinta da kirdado sun maye gurbinsa, kuma babu inda hakan ya fi bayyana kamar a matsalar zafin inji.

Abin ya fi ciwo a wannan ɓangare na Kaduna saboda tarihinsa. A Kakuri aka kafa kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, wanda aka yi wa rajista a 1972, ya fara fitar da mota a 1975. Kimanin shekara talatin ana harhaɗa 504 a nan, motar da ta ɗauki gwamna, ta ɗauki ɗan kasuwa, ta ɗauki fasinjan tasha. Kafin zuwansa masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, masana'antar kayan yaƙi ta DICON ta zo a 1964, matatar mai kuma daga baya a 1980. Kowace daga cikinsu tana da ɗakin gyaran injuna, tana da makanikai da masu walda da masu juya ƙarfe, waɗanda aka hora a kan ƙa'ida. Wanda ya tsaya a layin harhaɗa mota ya san kowane noti yana da iyakar ƙarfin da ake ɗaure shi da shi, kuma a rubuce yake. Irin waɗannan mutane, da suka bar aiki suka buɗe nasu wuraren a Makera da Nasarawa da Television, da wannan tarbiyya suka fito, kuma da ita suka yaye yaransu. Masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, aikin Peugeot ya ja baya, dattawan nan kuma shekaru sun ja, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Garejoji sun ninka, amma ilimin bai bi su ba.

Kafin mutum ya ce ga abin da ya lalace, wajibi ne ya san yadda abin yake aiki lokacin da yake lafiya. Inji yana ƙona mai, wutar tana haifar da zafi mai tsanani, ruwa ne kuma ke kwashe wannan zafi. Famfon ruwa yana tura shi ya zaga cikin bulok da tof silinda, wato kan inji, ya fito ya shiga lagireto, iska da fanka su sanyaya shi, ya sake komawa. A bakin hanyar akwai tamostat, wanda ke rufe ƙofa idan injin yana da sanyi, ya buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon motar. Murfin lagireto kuwa, wanda mutane ke rainawa, shi ke riƙe matsi a cikin hanyar ruwan. Ruwa a buɗe yana tafasa ne a digiri 100, a Kaduna ma ƙasa da haka kaɗan saboda tudun da garin yake kai. Amma idan murfin yana riƙe matsin da aka ƙera shi da shi, ruwan zai kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Shi kuwa gasket, shimfiɗa ce tsakanin bulok da tof silinda, aikinta ta raba abu uku kada su haɗu: wutar silinda, ruwa, da baƙin mai. Duk wanda ya riƙe wannan a kansa zai ga cewa hanyoyin da mota ke bi ta tafasa suna da yawa, gasket ɗaya ne kawai daga cikinsu, kuma galibi shi ne na ƙarshe. Sau da yawa ma zafin ne ke ƙona gasket, ba gasket ne ke kawo zafin ba.

Saboda haka idan mota ta shigo gareji lafiya ta fita tana tafasa, abin zargi na farko shi ne aikin da aka yi mata. Wannan ce gaskiyar da makanikai da yawa ba sa son ji. Mafi yawan lokaci iska ce ta maƙale a hanyar ruwa. An zubar da ruwa don a sauya tiyo ko famfo, an zuba sabo an rufe murfi, ba a fitar da iskar ba. Iskar ta taru a saman injin, ruwa ya kasa zagawa, allura ta riƙa hawa da sauka. Peugeot 406, wadda aka harhaɗa a nan Kakuri, tana da 'yan sukurori na musamman da aka sa mata domin fitar da wannan iska. A tambayi yara goma a gareji inda suke, a ga nawa za su nuna. Bayan iska, sai soket ɗin fanka da aka zare aka manta ba a mayar ba, ko wayoyinta da aka juya har ta koma tana hura iska baya. Sai tamostat da aka sa a kife, ko fambel da aka bari sako-sako, ko kilif ɗin tiyo da ba a ɗaure ba yana ɗigar da ruwa a hankali, ko sabon famfon ruwa na jabu da fiffikensa ya kwance daga sanda. Sai murfin lagireto da robarsa ta mutu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a sauke kan inji, kuma mai natsuwa zai bi su duka cikin awa guda.

Ita kanta motar tana ba da bayani ga mai sauraro. Idan tana zafi a cunkoson Command ko kan gadar Sabon Tasha, amma ta huce da an hau titin Abuja, a nemi fanka. Idan a cikin gari lafiya take, sai an taka ta a doguwar hanya take tafasa, a nemi lagireto da ya toshe ko famfon da ya gaji. Idan tiyon sama ya yi zafi na ƙasa yana nan da sanyi ƙalau, ruwa ba ya zagawa, a duba tamostat. Idan ruwa yana raguwa, a duba ƙarƙashin mota da gefen famfo kafin a ɗora laifin a kan abin da ido ba ya gani. Makaniken kirki yana fara aiki ne da tambaya: "Yallaɓai, a ina ta fara? Kana gudu ne ko kana tsaye? Na'urar sanyi tana kunne?" Yau wa ke da lokacin tambaya?

In kuwa gasket ɗin ne da gaske, yana da shaidunsa. Za a ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko injin ya ɗumama. Wannan daban yake da ɗan tururin safiyar hunturu da kowace mota ke yi. Za a ga kumfa tana tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa tun injin bai yi zafi ba, tiyon sama kuma ya yi tauri da an tayar. Baƙin mai na iya komawa kalar shayi da madara. Ruwa zai riƙa ɓacewa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Da safe injin zai tashi yana rawa, in an zare fulogi a ga ɗaya ya yi fes fiye da 'yan uwansa, domin tururi ya wanke shi. Duk da haka shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, shi ya sa aka yi kayan gwaji. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska a ga ko matsin zai tsaya. Akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi a auna ƙarfin kowace silinda. Idan biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, an kama ɓarawo. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin wuta yana shiga ruwan mota sai ya koma ruwan ɗorawa. Kuɗin waɗannan kayan bai kai na wayar da ke aljihun Oga ba. Rashinsu a gareji rashin damuwa ne, ba talauci ba.

To, a ce ma an tabbatar, an sauke kan injin. A nan ne ake yin ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko. Tof silinda galibi na alminiyon ne, kuma idan ya sha zafi yana lanƙwashewa, lanƙwasar da ido ba ya gani. Yawancin masu ƙera motoci ba sa yarda ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, wasu ma rabin haka. Ana gane ta ne da miƙaƙƙen ƙarfe da fila gej. Idan ta wuce iyaka sai a kai wa masu garandin su share fuskar, a kuma gwada shi ko ya tsage. Me ake yi yanzu? Yaro ya zauna a ƙasa ya goge shi da samfefa, a shafa gam a kan sabon gasket alhali yawancinsu a bushe ake sa su, wani ma ya haɗa gasket biyu wai don a cike gurbi. Sai a zo ɗauri. Kusoshin kan inji suna da tsari: daga tsakiya ake farawa a yi waje, a mataki biyu ko uku, da sifanar awon ƙarfin ɗauri. A motoci da yawa na zamani kusoshin suna miƙewa idan an ɗaure su, don haka ba a maimaita su. Amma a garejojinmu sai a zura dogon bututu a sifana, ƙato ya rataya a kai har sai ƙarfe ya yi ƙara, a ce ya ɗauru. Ba a share ramukan kusoshin ba, ba a nemi abin da ya kawo zafin tun farko ba. Bayan mako uku mota ta sake tafasa, sai ka ji, "Alhaji, injin nan ya gaji, gara ka sayi na Beljiyom." Ta haka injin da matsalarsa murfin lagireto ce yake ƙarewa a hannun 'yan gwangwan.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama kamar doka, har wanda bai yi ta ba ake ganin bai iya aiki ba. Da mota ta iso daga Kwatano ko Legas, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye, a ce ai wannan na ƙasar sanyi ne. Wannan magana ba ta da tushe. Motocin nan suna yawo a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi na bazarar Kaduna, da tamostat ɗinsu a ciki. An ƙera inji ne ya yi aiki a wani zafi na musamman. In aka hana shi kaiwa nan, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Fistin da ringi su riƙa cin juna, baƙin mai ya lalace da wuri, fankar da ba ta hutawa ta ƙone a ranar da aka fi bukatarta. A wasu injunan ma cire shi yana sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagawa a cikin injin ba tare da ya bi ta lagireto ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke kukan tsadar fetur, amma ga dubban motoci suna shan na banza saboda wannan ɗabi'a. Idan tamostat ya mutu, a sa sabo. Magani ke nan.

Me ya kai mu nan? Na farko, koyon sana'a ya gajarta. A da yaro yakan shafe shekaru yana wanke noti yana miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa kan inji, kuma ba a yaye shi sai maigidansa ya gamsu. Yau da ya iya sauya birki da baƙin mai sai ya nemi gindin bishiya ya kafa nasa, ya tara nasa yaran, ya koya musu rabin abin da shi ma rabinsa ya samu. Na biyu, mota ta sauya, mu ba mu sauya ba. Injin 504 yana da haƙuri, yana da sarari, kunne da hannu suna isar mai ƙwarewa. Motocin Toyota da Honda da suka cika titunanmu yanzu suna da kwamfuta da na'urorin jin zafi, ba sa yafe kuskure. Na uku, kayan jabu sun cika kasuwa, daga Panteka har shagunan unguwa, kwali ɗaya kaya iri uku. Na huɗu, kuma shi ne mafi muni, kunyar cewa "ban sani ba" ta fi ƙarfin tsoron cin haƙƙin mutane. Ga kuma kwaɗayi, domin sauke kan inji ya fi fitar da iska kawo kuɗi.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu mota muna da namu kason. Allura za ta hau, mutum ya ce bari in ƙarasa gida, ai saura kaɗan. Wannan "saura kaɗan" ita ke mayar da gyaran tiyo ya zama gyaran inji. Wani ya tsaya, ya buɗe murfin lagireto da zafinsa ya ƙona fuska, ko ya kwara ruwan sanyi a injin da ke huci, kan injin ya tsage. Muna cika lagireto da ruwan rijiya da na leda shekara da shekaru, tsatsa da ƙasa su toshe shi, alhali akwai ruwan sanyaya inji da aka yi domin ya hana tsatsa ya kuma ɗaga mizanin tafasa. A kawo mana kaya iri biyu mu zaɓi mai araha, mun manta araha ba ta ado. Mu tsaya a kan makanike muna cewa, "Oga, yi sauri, yau zan tafi Kachia." Idan ya ce a biya shi kuɗin bincike, mu ce ai bai yi komai ba, duba kawai ya yi. Wanda ba ya biyan kuɗin tunani, shi ke koya wa makanike ya daina tunani ya kama kwance-kwance.

Ya ku iyayen gida a wannan sana'a, mota amana ce. Mai ita ya miƙa muku makulli ya juya baya, bai san abin da kuka cire ba, bai san abin da kuka mayar ba. Wani da ita yake ciyar da iyalinsa, wata da ita take kai yara makaranta, wani kuma bashi ya ci ya saye ta. Motar da ta mace da dare a hanyar Abuja ko ta Kachia, kowa a garin nan ya san ba asarar kuɗi kaɗai ke cikin lamarin ba. Musulmi da Kirista suna aiki kafaɗa da kafaɗa a garejojin kudancin Kaduna, kuma babu addinin da ya halatta wa ɗayansu ya karɓi kuɗin aikin da bai tabbatar ana bukatarsa ba. Idan aikinka ne ya jawo matsalar, ka ce, "Hajiya, daga wurinmu ne, a bar ta mu gyara." Wannan kalma ba ta rage darajar kowa. Ita ce ma ke dawo da mai mota, ya kuma turo ɗan'uwansa.

Ku sayi kayan awo, ko da mutum biyar za su haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa. Bayanan kowace mota, har da ƙarfin ɗaurin kowane noti, suna nan a intanet, a cikin wayar da kuke kallon ƙwallo da ita. Ku koya wa yaranku dalilin abu, ba yadda ake kwance shi kawai ba, kuma kada ku yaye wanda bai iya karanta agogon gwaji ba. Ku kuma yara masu koyo, ku yi haƙuri da zaman gaban Oga, sauri ya haifi nawa. Wanda ya samu dama ya ƙara da karatu, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga cibiyar horo ta kamfanin Peugeot a nan Kakuri. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa da shugabanni. Bai kamata aikinta ya tsaya a karɓar kuɗin ƙungiya da sasanta rigimar fili ba. Ta shirya bita, ta sa sharaɗi kafin a buɗe gareji, ta buɗe ƙofar da wanda aka cuta zai kawo kuka. Gwamnati ma, da ta yi murnar buɗe sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot a hanyar Abuja a 2022, ta tuna cewa duk motar da aka harhaɗa, a hannun waɗannan yaran za ta ƙare.

Kai kuma mai mota, riƙe abu huɗu. Da allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ka gangara gefe ka kashe inji, kada ka taɓa murfi sai ya huce. Ka faɗa wa makanike duk abin da aka taɓa a motar kwanan nan, ko da a wani wuri aka yi. Kada ka yarda a jefar maka da tamostat. Idan kuma aka ce maka gasket ne, ka tambaya cikin mutunci, "Oga, da me ka gane?" Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya ɗauko agogo ya nuna maka. Wanda ya fusata, ka karɓi makullinka ka nemi wani. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.